Shekara huɗu a Masar, ba ka taka Luksor ba?

Ƴan uwa ɗalibai, musamman namu da ke karatu a Masar, da ƙannenmu da ke shirin zuwa.

Duk shekara da zarar sanyi ya fara shigowa Alƙahira, sai ka ji an tada maganar tafiya Luksor. A buɗe sabon zaure a WhatsApp, mutum ashirin su ce suna ciki, a yi sati biyu ana musu kan rana da kuɗi, daga ƙarshe maganar ta bi ruwa. Wani lokacin kuma a tafi ɗin, a dawo babu mai yi wa wani magana saboda lissafi. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne: tafiyar ta cancanci a yi ta, kwana biyu na ƙarshen mako sun isa, kuma abin da ke kashe ta shi ne son ganin komai da kunyar maganar kuɗi.

Mu fara da dalilin zuwa. Da yawanmu rayuwarmu a ƙasar nan ba ta wuce tsakanin Hayyul Ashir, Madinatul Bu'us, Darrasa da ajin lakca. Mutum ya yi shekara huɗu ko shida, ya karɓi shahadarsa, ya hau jirgi ya koma Abuja ko Jos ko Legas. Ranar da wani ya tambaye shi yaya ƙasar Fir'auna take, abin da zai iya bayarwa labarin layin iƙama ne da farashin kushari. Alhali akwai mutanen da suke tara kuɗi shekara da shekaru daga Japan da Jamus da Amurka don su zo su ga abin da ke nesa da mu da tafiyar dare ɗaya kacal. Kuma da katin ɗalibi mai aiki, rabin kuɗin shiga ake biya a wuraren tarihi. Ranar da ka cire rigar ɗalibta, wannan rangwamen ya tafi, ga tikitin jirgin sama daga Najeriya ya hau kanka. Idan ba yanzu ba, yawancinmu ba za mu sake samun damar ba, gaskiya ke nan.

Luksor tana kudu da Alƙahira da sama da kilomita 600, a bakin Kogin Nilu. Sunan daga Larabci ne, Al-Uƙsur, wato fadoji, saboda manyan gine-ginen da Larabawa suka tarar a wurin. Ita ce tsohuwar Tibis, babban birnin fir'aunoni na zamani mai tsawo, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979. Kogin ya raba ta biyu. Gabas gari ne, can haikalan bautarsu suke. Yamma, inda rana ke faɗuwa, duwatsu ne da kaburbura. Wannan rabon shi ne tsarin tafiyarku gaba ɗaya: Juma'a gabas, Asabar yamma. Duk wanda ya ce muku a ƙara Aswan da Abu Simbel a cikin kwana biyun nan, ku ce masa Allah ya ba da sa'a, ya shirya tasa daban. Za ku ƙare ne a cikin mota, kuna kallon ƙasar ta taga.

Ga yadda nake ganin ya dace. A tashi daren Alhamis, ko a jirgin ƙasa ko a bas, tafiyar kusan awa goma ce. A sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri, kada a bari sai an je. Da isa da safe a ajiye kaya a masauki, a wuce Karnak kai tsaye kafin rana ta yi zafi kuma kafin manyan bas-bas na ƴan yawon buɗe ido su cika wurin.

Karnak ba wurin da ake shiga a fita cikin minti arba'in ba ne. Kusan shekara 2000 aka yi ana ginawa ana ƙarawa, sarki bayan sarki. Akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, manyan cikinsu sun haura mita 20, kowanne an sassaƙe shi da rubutu da zane. Akwai doguwar hasumiyar dutse ta sarauniya Hatshebsut, kusan mita 30, dutse guda ɗaya da aka sassaƙo daga Aswan aka ɗauko ta kogi. Ƴan injiniya, ku tsaya a gindinta ku yi wa kanku bayanin yadda aka tsayar da ita babu injin ɗaga kaya. A farfajiyar farko kuma akwai ginshiƙin Taharƙa, sarkin Kush daga ƙasar da ake kira Sudan a yau, wanda danginsa suka mulki Masar. Mutane da yawa suna wuce shi ba su sani ba. Ku ba Karnak awa uku, ba asara ba ce.

Daga nan sai sallar Juma'a, kuma a nan ne Luksor ta bambanta da ko'ina. Masallacin Abul Hajjaj yana zaune ne a cikin haikalin Luksor, a kan bangonsa. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta riga ta binne yawancin haikalin, to da aka tone daga baya sai tsohuwar ƙofar masallacin ta koma can sama, tana kallon farfajiyar Ramsis na biyu. Ana jingina shi ga Shehu Yusuf Abul Hajjaj da ya rayu a ƙarni na 13, kuma har yau ana sallah a ciki. Bayan sallah a ci abinci, a kwanta. Kada wanda ya ce a fita da tsakar rana. Da yamma sai a koma haikalin Luksor, don yana buɗe har dare kuma ana kunna masa fitilu. A ƙofarsa za ku ga hasumiya ɗaya a tsaye, gurbin ɗayar babu kowa. ƴar uwarta tana Faris, an tsayar da ita a can a 1836. Daga gabansa kuma hanyar nan ta gumaka masu jikin zaki ta miƙe kusan kilomita 3 har Karnak, wadda aka sake buɗewa a Nuwamban 2021.

Asabar da asuba a haye yamma. Akwai jirgin fito na gwamnati da mutanen gari ke hawa, ya fi ƙananan jiragen haya araha nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen ku yi ciniki da mota ɗaya ta yini, a faɗi wuraren da za a je da kuɗin gaba ɗaya kafin kowa ya shiga. Haka ma keken doki a cikin gari. Cinikin da ba a gama a ƙasa ba, a kan hanya yake zama rigima.

Kwarin Sarakuna yana cikin duwatsun nan, ƙarƙashin wani ƙololuwa da ake kira Al-Ƙurn, mai siffar dala. Sarakunan wancan zamani sun daina gina dala saboda ta zama alama ga ɓarayi, suka koma haƙa kabari a cikin dutse suna ɓoyewa. Duk da haka kusan duka an yashe su tun a zamanin da. An gano kaburbura sama da 60 a kwarin. Wanda ya tsira kusan cikakke shi ne na Tutankamun, da Howard Carter ya gano a 1922, da kaya sama da 5000 a ciki. Tikitin gama-gari kaburbura uku yake ba ka, na Tutankamun da na Seti na ɗaya kuɗinsu daban. Ukun nan sun ishi ɗalibi. Bayan kwarin sai haikalin Hatshebsut da ke jingine da bangon dutse, hawa uku. Game da hawan duwatsun kuwa, kada ku kama hanya don kun ga sawu. Wuri ne da ake gadi, ku tambayi jami'an wurin, in sun ce a'a to a'a ce. Baƙo mai iƙama ba shi ne zai gwada ƙwanji da ɗan sanda ba.

In da ni zan zaɓa muku wuri ɗaya na ƙarshe, Dairul Madina zan zaɓa, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan suka yi musu zane. Ƙananan ɗakunansu suna nan a jere. A zamanin Ramsis na uku, sama da shekara 3000 da suka wuce, hatsin da ake biyan su da shi ya makara, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikalan sarakuna har sai an saurare su. Takardar da ta ba da labarin tana birnin Turin na Italiya, kuma ana lissafa shi a matsayin yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Ɗan Najeriya da ya san ASUU, ko wanda ya taɓa zaman jiran kuɗin tallafin karatu wata da watanni, ba ya buƙatar tafinta a wurin nan.

Yanzu maganar da ake yi ƙasa-ƙasa: ya halatta Musulmi ya shiga wuraren nan? Masu ƙin zuwa ba da ka suke magana ba. Suna kafa hujja da abin da ya zo a hadisi game da wucewar Annabi (SAW) ta Hijir, mazaunin Samudawa, a hanyar Tabuka, inda ya hana shiga gidajen waɗanda aka halaka sai da tsoro da kuka. Masu zuwa kuma suna cewa Alƙur'ani ya yi ta kira a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen mutanen da suka gabata, babu mai bauta a haikalan nan yau, kuma Darul Ifta ta Masar ba ta hana ziyartar kayan tarihi ba. Ni ina tare da masu zuwa, amma ina ganin hujjar masu ƙin tana koya mana yadda za a je. Wanda ya tsaya gaban gunkin sarkin da ya ce shi abin bauta ne, yau ga shi hanci a karye, yara na sayar da ruwan sanyi a gindinsa, in ya yi tunani ya samu wa'azin da ba kowane mumbari ke bayarwa ba. Wanda kuma ya je ya yi ta tsalle yana ɗaukar bidiyon rawa a bakin kabari, to shi dai ya ɓata kuɗin babansa. Kuma don Allah, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba kada a matsa masa, kada a mayar da shi abin zolaya. Shi ma kada ya bi waɗanda suka je da baƙar magana. Sannan a daina nuna wani gunki ana rantsuwa cewa wannan ne Fir'aunan Annabi Musa. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, masana tarihi kuma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba.

Sai kuɗi, inda zumunci ke mutuwa. Yawancinmu abin da ake turo mana daga gida naira ce, kuma kowa ya san abin da ta zama kafin ta koma fam ɗin Masar. Saboda haka kada a yi kara. Mutum huɗu zuwa shida sun isa tafiya, fiye da haka taro ne. A naɗa ma'aji ɗaya, a rubuta abu huɗu: mota, masauki, tikitin shiga, abinci. A ɗora wani abu a kai don ko-ta-kwana. Kowa ya biya kafin a sayi tikiti, babu "zan ba ka in mun dawo". Duk abin da aka kashe a rubuta a zauren a ranar. A duba farashin shiga na yanzu kafin a tashi don yana canzawa, kuma a tabbata akwai mai katin banki mai aiki, domin manyan wuraren sun koma karɓar kati maimakon tsabar kuɗi. Wanda ya ce ba shi da hali a bana, a ƙyale shi da mutuncinsa. In kuna son shi da gaske, ku haɗa masa a asirce. Kuma babu tafiyar da ta kai a taɓa kuɗin haya ko na sabunta iƙama.

Ƙananan abubuwa da ke zama manya: fasfo da iƙama da katin ɗalibi su kasance a jikinka, ba a hoto cikin waya kaɗai ba. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da bazara zafin Luksor yana haura digiri 40, kuma kwarin nan babu inuwa. Ruwa da yawa, hula, takalmin tafiya. Ful da ɗa'amiyya a shagon da mutanen gari ke ci sun fi abincin bakin kogi sauƙi. A sanar da gida kafin a tafi. Ƴan uwa mata su shirya da izinin iyaye da rakiyar da ta dace, da masaukinsu daban, kada a bari sai an isa a fara neman yadda za a yi. Kuma tunda Lahadi ranar karatu ce a nan, jirgin daren Asabar zai sauke ku da safe a gajiye. Ku zaɓi makon da babu jarabawa a gaba.

Karatu ne ya kawo mu, babu musu. Amma ƙasar da ka zauna a cikinta shekaru ita ma littafi ce, kuma kwana biyu cikin shekara huɗu ba su ne za su kayar da kai jarabawa ba. Ku tsayar da rana ɗaya, ku tara kuɗin a hannun mutum ɗaya, ku sayi tikitin. Sauran musun a ƙarasa shi a cikin jirgi.

Waɗanda suka taɓa zuwa, ku taimaka wa na baya da abin da kuka gani. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa mu gama abin da ya kawo mu cikin nasara.