A Daina Cire Ƙofar Ruwa Daga Motar Da Ke Ɗaukar Ƴaƴanmu

Da zarar Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Tahoua da Maradi da Damagaram, sai ka ga tsofaffin motoci jere a bakin babbar hanyar RN1, murfin inji a ɗage, tururi na tashi, karen mota na gudu da jarka. Cikinsu har da irin Hiace ɗin da ke kai yaranmu makaranta. Kowa ya ce rana ce. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Rana tana da nata, amma babban laifin yana hannun mai gyara da mai mota, da mu da muka zuba ido.

Ga abin da ya zama al'ada a garejinmu. Mota ta zo daga tashar ruwa, kafin ta yi wata guda an cire mata tarmosta, wato ƴar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan zafinsa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88. Hujjar makanike ita ce an yi ta ne don ƙasar sanyi. Ban yarda ba. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 ko a Faransa ko a Madaoua. In ka cire ƙofar, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa. A injuna da yawa kuma, ita ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma ciki. In babu ita, wani ruwan zafin sai ya riƙa zagayawa bai leƙa lagireto ba.

Gaskiya ne tarmosta kan maƙale a rufe, mota ta tafasa. To, a gwada ta mana! A jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta: in ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarta lau, in ta ƙi, a sa sabuwa. Cire ta a jefar ɓoye ciwo ne kawai.

Na biyu, ruwan rijiya. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin dutsen da ke manne a gindinta. Shi ne yake toshe siraran bututun lagireto, tsatsa kuma ta cinye famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jinkirin tafasa. Wai tsada. A kwatanta kuɗin jarka ɗaya da kuɗin sauke kan inji. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo kuwa, sun toshe ramin, sun haɗa da bututun.

Gano ciwon ba ya buƙatar kwamfuta. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da dare, da safe a ga inda ya ɗiga. A matsa tiyo idan inji ya huce: wanda ya kumbura ko ya tsage ya gama aiki. A duba robar murfin lagireto, domin murfin nan ne ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In ya saki, tafasa ta komo digiri 100. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a kan hanya, a tuhumi fanka. Wadda ke zafi a kan gudu, a tuhumi lagireton da ƙura da ciyawa suka like ko dutse ya toshe. In kuwa farin hayaƙi na fita ta baya, man inji ya koma kamar shayi da madara, ruwa na kumfa, to juwan kilas ya ƙone, a kashe mota.

Malamai, wannan darasinku ne. Yaro ya haddace cewa ruwa na tafasa a digiri 100 don ya ci BEPC, amma ya tsaya yana kallon direba na buɗe murfin lagireto da tsumma, inji na huci. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi, ana sakinsa zai tafasa nan take ya watsu a fuska. Ku ɗauki tarmosta da tukunya ku shiga aji da su. Awa guda ta isa. Ku gaya musu kuma ruwan nan mai launin kore ko ja yana da zaƙi, amma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a bar shi a gorar lemo inda yaro ko akuya za su kai.

Iyaye, mu ma da namu. Sai yaro ya faɗi jarrabawa muke tura shi gareji kamar horo, sannan mu yi mamakin makaniken da bai san dalilin abin da yake kwancewa ba. Ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi, ga cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwanmu. Su ma sun cancanci yara masu kai.

Kafin ku biya kuɗin motar makaranta na wata mai zuwa, ku tambayi direba abu uku: allurar zafi tana aiki? Tarmosta tana nan? Me yake zubawa a lagireto? Wanda ya yi muku dariya, kada ku ba shi ƴaƴanku.