Rumbun intanet ba ya buɗuwa sai da wuta

A Damagaram, daga 'yan Kasuwar Dole zuwa ɗaliban Jami'ar André Salifou, aiki ya fara komawa cikin waya: ciniki a WhatsApp, takardu a Google Drive. Ci gaba ne, domin takardar da ke rumbun intanet gara ba ta cinta, gobara ba ta ƙona ta.

Sai dai rumbun nan kwamfutocin wasu ne a ƙasashen waje, kuma ba ya buɗuwa sai da wuta da layi. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki bayan juyin mulki, kowa ya ga illar dogaro da waje.

Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido. Ya kamata hukumar ta fayyace wa asibitoci da makarantu inda ya halatta su ajiye bayanan mutane. Kowace ma'aikata kuma ta riƙe kwafi na biyu a gida, ta tanadi sola. Matasa masu ƙera manhaja, na gida da na ƙetare, su ƙera wadda ke aiki ko da layi ya ɗauke.