Mata, Mu Nemi Labarin Amurka A Tushensa

  Yau zan ɗan ajiye zancen girki da renon yara, in ja ku zuwa wani gini da 'ya'yanmu ke wucewa ta ƙofarsa kullum ba su leƙa ba, wato laburaren jami'a.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya 'yar ƙanwata da ke karatun tarihi a jami'a ta zo hutu da aikin da malaminsu ya ba su a kan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka. Ta zauna tana karanta mini. A ciki ta rubuta cewa Rosa Parks wata tsohuwa ce da ta gaji da aiki, ƙafafunta na ciwo, shi ya sa ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. Na ce, "Ke 'yar nan, a ina kika samo wannan?" Sai ta ɗaga mini wayarta. Na ce, "Sau nawa kika shiga laburare a kan wannan aiki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Inna, sai lokacin jarrabawa muke shiga, neman wurin zama."

To, 'yar'uwa, ki ji yadda abin yake. Ranar 1 ga Disamba 1955 da aka kama Rosa Parks a garin Montgomery na jihar Alabama, shekarunta 42 ne kacal. Tun 1943 take sakatariyar reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta garin, tana rubuta koke-koken waɗanda aka zalunta. Ta san abin da take yi sarai. Kuma a daren nan wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, da ƙungiyarta ta mata, su suka kwana suna buga dubban takardu na kiran jama'a su ƙaurace wa bas, aka yi kwana 381 ana tafiya a ƙasa har doka ta canza. Kin ga labarin waya ya mai da jaruma abin tausayi, ya kuma share matan da suka ɗauki nauyin aikin. Da yarinyar nan ta tambayi ma'aikacin laburare, da ya nuna mata takardun Rosa Parks na hannunta, waɗanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa a intanet kyauta a 2016. Akwai wasiƙunta, akwai abin da ta rubuta game da kamun da aka yi mata, har da yadda ake haɗa wata wainar fulawa da ta rubuta a bayan ambulan.

Wata za ta ce, "Mu ina ruwanmu da Amurka? Me ya haɗa kifi da kaska?" Haba 'yar'uwa! Farashin dala ya taɓa kuɗin cefanenki ko bai taɓa ba? A 2025 da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ai mata da ƙananan yara a ƙasashen Afirka su suka fara ji a jikinsu, don ta nan magunguna da abincin masu tamowa da yawa ke fitowa. Ƙasar da shawararta ke isowa har cikin tukunyarki, bai kamata ki bar saninta a hannun 'yan jita-jita ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bari in gaya miki abin da ke cikin laburaren, don ki san abin da za ki ce wa 'yarki ta nema.

Na farko, littattafai. Jami'o'i da yawa suna jera littattafansu bisa tsarin haruffa na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. A wannan tsari, tarihin Amurka yana ƙarƙashin harafin E da F, sha'anin mulkinta kuwa yana ƙarƙashin JK. Inda ake bin tsarin lambobi na Dewey, sai a nemi lamba 973. Da wannan ɗan sani kaɗai yarinya za ta nufi kantar da take so kai tsaye, ba ta yi ta dawurwura ba.

Na biyu, tsofaffin jaridu. Akwai wata taska mai suna Chronicling America, inda aka ɗauki hoton miliyoyin shafukan jaridun Amurka na da, kuma laburarorin jami'o'in jihohinsu na cikin masu aikin tattarawar. Kyauta ake karantawa. Mai son ta san yadda matan Amurka suka sami ikon jefa ƙuri'a, sai ta buɗe jaridun 1848 ta ga irin ba'ar da wasu suka yi wa taron mata na Seneca Falls, sannan ta buɗe na Agusta 1920 lokacin da aka yi wa tsarin mulki gyara na 19. Shekara 72 ke tsakani. Za ta kuma gano cewa matan baƙar fata na kudancin ƙasar da yawa ba su sami damar zaɓe ta gaskiya ba sai bayan dokar 1965. Wannan ba abin da bidiyon minti ɗaya zai gaya miki ba ne.

Na uku, takardun gwamnati. Tun 1873 ake buga duk abin da aka faɗa a zauren majalisar dokokin Amurka. Ma'aikatar harkokin wajensu kuma tun 1861 take fitar da kundin wasiƙun jakadu da shawarwarin shugabanni, bayan shekaru sun shuɗe an cire musu sirri. A nan ne labarinsu ya haɗu da namu. A watan Yuli 1961 Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Kennedy, ya kuma yi jawabi a majalisarsu. A 1978 Shugaba Carter ya zo Legas. Abin da manyan Washington suka riƙa rubuta wa juna game da yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 yana cikin kundin nan. Ashe mai karanta tarihin Amurka tana iya tsintar tarihin gidansu a ciki.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa mini zuciya, muryoyin bayi. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta aika marubuta suka zauna da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, suka rubuta labarin fiye da mutum 2,300 daga bakinsu, mata da maza. Laburaren Jami'ar North Carolina kuma ya tara littattafan da bayi suka rubuta game da rayuwarsu, ya sa a intanet. A cikinsu akwai na wani ɗan Barno, Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said. A Kukawa aka haife shi, aka kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha. Daga baya ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga rundunar Arewa a 1863 lokacin yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta, ya buga tarihin kansa a 1873. Ɗaliban tarihi nawa ne a Maiduguri ko Kano suka taɓa buɗe littafin nan?

Haka abin yake ga labaran yau da kullum. Duk lokacin zaɓen Amurka sai ka ji gardama a gidan biki da gidan suna, kowa ya zama masani. A 2016 Hillary Clinton ta fi abokin takararta ƙuri'a da kusan miliyan 3, amma ba ta hau mulki ba, mata da yawa suka ce maguɗi aka yi mata. Littafi ɗaya daga kantar JK ya isa ya warware wannan: wakilan jihohi 538 ne ke zaɓen shugaba, mai 270 shi ya ci. Labarin rediyo yana gaya miki abin da ya faru, laburare yana gaya miki dalili. Kuma a can ne yarinya za ta koyi ajiye jarida biyu masu adawa da juna gefe da gefe, ta duba wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Su ma Amurkawa ba bakinsu ɗaya ba, kuma takardar gwamnati ba wahayi ba ce. Ita ma sai an auna ta.

Na san uzurin da za a kawo. Za a ce littattafan sun tsufa, wuta ba ta zama, intanet na yankewa. Gaskiya ne, ba zan musa ba, kuma ina kira ga hukumomin jami'o'i su dubi wannan da idon rahama, su kuma sa sa'o'in buɗewa su dace da matan aure da ke karatu da goyo a baya. Amma fa yawancin taskokin da na lissafa ba a biyan ko kwabo, kuma wayar nan da ake kallon rawa da ita tana iya buɗe su. Mujallun masana da jami'a ke biyan kuɗin rajistarsu, kamar waɗanda ke cikin JSTOR, ɗaliba ba ta bukatar komai sai ta tambaya a nuna mata hanyar shiga. Ma'aikatan laburare suna nan zaune, aikinsu ke nan, sun yi karatunsa. Matambayi ba ya ɓata. Kunya ce kawai ke hana 'ya'yanmu mata ƙarasawa gaban tebur su ce, "Malam, ga abin da nake nema."

Saboda haka, uwa, ga naki aikin. Ko ba ki taɓa shiga aji ba, kina iya yi wa 'yarki tambaya ɗaya duk lokacin da ta kawo miki labari: "A ina kika samo?" Idan ta ce a waya, ki ce, "Wa ya faɗa?" Mu da ba ma sayen atamfa sai mun murza ta mun duba bakinta, yaya za mu bar 'ya'yanmu su sayi labari ido rufe? Yarinyar da ta saba neman tushen magana a kan wata ƙasa mai nisa, gobe ba za a ruɗe ta da ƙarya a kan maƙwabciyarta, ko maganin ɗanta, ko ɗan takarar mazaɓarta ba.

Ita kuwa 'yar ƙanwata, ta yaga aikin farko ta koma makaranta da alkawarin sake shi. Na ce idan ta dawo ta zo mini da labarin ɗan Barnon nan, mu zauna bayan sallar isha'i ta fassara mini shi da Hausa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.