Taƙaita Launin Tufafi Ya Fi Tara Su

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, akwai wata ɓarna da ta shigo mana a hankali, ita ce tara tufafi masu launi dabam-dabam waɗanda ba su jituwa da juna. Mutum ya je Kantin Kwari ya yanko shadda kore, wata mai zuwa ya yanko ruwan goro, gabanin salla ya ƙara ruwan hoda. Kowace kuwa tana neman hularta da takalminta, in babu su ba ta sawuwa. Sai ka ga akwati cike, mai shi yana tsaye bayan sallar asuba yana birkita shi, almajirai na jira a zaure, ko masu saye sun wuce rumfar maƙwabci.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Mutum ya tsayar wa kansa launi 3 masu zama da juna, kada ya sayi abin da ya fita daga cikinsu. Na farko fari, domin shi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya zaɓa wa rayayyunmu, kuma da shi ya yi umurni a yi wa matattunmu likkafani. Na biyu shuɗi mai duhu irin na marina. Na uku ruwan toka ko ruwan ƙasa, saboda kwanakin hunturu, lokacin da ƙura ba ta barin farar riga ta kai azahar da haskenta.

Ga lissafi domin 'yan kasuwa. Riga 3 da wando 3 waɗanda launinsu ya jitu suna ba da shiga 9. In aka haɗa da hula 2, fara da baƙa, sun zama 18. Amma wanda ya ɗinka kaya 3 masu launin da ba ya karɓar wani, shigarsa 3 ce tak, kuma dole ya nemi hula 3. Ranar da wando ɗaya ya yage, rigarsa ta zauna ke nan, kuɗinta ya kwanta.

Kada wani ya zaci wannan baƙon abu ne. Shi ne tafarkin magabatanmu. Saƙi, zaren fari da na shuni ne kawai aka haɗa. Rigar tsamiya launinta na asali ne, ba a rina ta. Rawanin ɗan Kura yana hawa kowace riga ya zauna daram. Da waɗannan 'yan launuka Kano ta yi suna, har Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata kuwa tana nan, mai so ya je ya gani.

Wani zai ce ai Allah yana son ganin alamar ni'imarsa ga bawansa. Gaskiya ne, ba mu kuwa hana ado ba. Mai hali ya ajiye riga ɗaya mai aiki, aska takwas ko wata, domin Juma'a da idi da ɗaurin aure. Abin da muke ƙi shi ne cin bashin mai yadi da maɗinki saboda launin da za a sa sau 2 a shekara, alhali hatsin gida bai cika ba. In ruwanka bai isa wanka ba, sai ka yi alwala.

Saura gargaɗi ɗaya. Sabon rini yana zuba, saboda haka kada a ɗora sabon shuni a kan farar riga, kuma a gaya wa mai wanki ya raba su. Wanda zai shiga kasuwa sayen yadi ya riƙe hularsa, ya kara ta a jikin yadin a hasken rana, in ba su jitu ba ya bar wa mai shi kayansa.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, amin. Haza wassalam.