Daga Bakin Titi Zuwa Ƙofar Asibiti: Alhakin Majinyaci a Wuyan Wa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano ya san Tashar Yari, inda masu zuwa Makarfi ke ratsewa, ya kuma san irin gudun da motoci ke yi a wannan titi tun da aka sake gina shi. Ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ƙasa ce ta rake da tumatir da tattasai, saboda haka da kaka da rani titi ba ya rabuwa da manyan motoci da aka yi wa lodi har suna rangaji, da mutane zaune bisa kayan, ga kuma masu babura suna kutsawa ta tsakani. Idan tsautsayi ya gitta a irin wannan wuri, kafin likita ya ɗora idonsa a kan wanda ya yi rauni akan yi sa'a guda, wani lokaci fiye da haka. A cikin wannan sa'a ce ake samun rai ko a rasa shi, kuma ita ce ba a cika tambayar wanda ke da alhakinta ba.

Da yake wannan mujalla ta Sashen Hausa ce, ya kyautu a fara da harshe. Bahaushe yana da sunan likita da malamin asibiti da nas, yana da ungozoma da wanzami da maɗori. Amma mutumin da aikinsa shi ne ya isa wurin haɗari, ya tsayar da jini, ya ɗauki majinyaci ba tare da ya ƙara masa rauni ba, ya riƙe masa numfashi har asibiti, har yanzu bai sami suna tsayayye a bakin jama'a ba. Gidajen rediyo sukan ce “ma'aikacin agajin gaggawa”, wanda suna ne mai faɗi da ya haɗa da mai kashe gobara da mai rabon hatsi bayan ambaliya. Ita kuwa motar da ake kira “motar asibiti”, a ƙauyuka da yawa an fi saninta da kawo gawa gida fiye da kai mai rai asibiti, har ma wasu tsofaffi sukan yi camfin shigarta. Abin da harshe bai raɗa wa suna ba, alama ce al'umma ba ta saba ganinsa ba.

To, me doka ta ce? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. A 2017 kuma aka sa hannu a dokar da ta tilasta wa asibitoci kula da wanda aka harba da bindiga ko da babu takardar ’yan sanda, asibiti ya fara aiki sa'an nan ya sanar da ofishinsu mafi kusa cikin sa'a 2. Wannan doka har wa yau ta ce a mutunta wanda ya kawo majinyacin, kada a wahalar da shi da tambayoyin da ba su da dalili. Daɗin daɗawa, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon gurfanar da asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗarin mota.

Waɗannan dokoki suna da kyau, ba kuwa za a raina su ba. Amma mai karatu ya lura da inda suka tsaya: kusan dukkansu a ƙofar asibiti suke gadi. Sun ɗauka cewa majinyaci ya riga ya iso. Yadda ya iso, da wanda ya ɗauko shi, da abin da aka yi masa ko aka kasa yi masa a hanya, nan ne doka ta yi ƙaranci. Ita ma tarar ta tsufa. A 2014, lokacin da litar man fetur take naira 97, naira 100,000 tana sayen fiye da lita 1,000. A ƙarshen 2024 da ƙyar take sayen lita 100. Tarar da ba ta kai kuɗin man motar asibiti na mako biyu ba, ba ta tsorata kowa.

A ɗauka cewa mota ta faɗi da mutane tsakanin Tashar Yari da Makarfi. Waɗanda za su fara isa su ne manoman da ke gonakin kusa, da masu babura, da direbobin haya. Niyyarsu mai kyau ce, babu shakka. Sai dai abin da aka saba gani shi ne a kama wanda ya yi rauni, biyu a hannuwa biyu a ƙafafu, kansa yana lilo, a cusa shi a bayan ƙaramar mota a naɗe. Idan akwai tsagewa a ƙashin wuyansa ko na bayansa, wannan ɗauka kaɗai tana iya taɓa lakarsa, mutumin da zai warke ya tashi ya ƙare rayuwarsa a kwance. Wani kuma don tausayi zai ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, ruwan ya bi ta hanyar numfashi. Jinin da za a iya tsayarwa da danna tsumma mai tsabta da ƙarfi, sai a bar shi yana zuba ana ta salati. Idan raunin ya fi ƙarfin babban asibitin Makarfi ko na Ikara ko na Hunkuyi, sai a ce a wuce Shika, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wato a sake ɗaukar hanya zuwa Zariya, a bi ta Kwangila da Samaru. A wannan tafiya ta biyu sau da yawa ba wanda ke tare da majinyaci a bayan mota sai ɗan'uwansa riƙe da ledar ƙarin ruwa.

Ba za a kai manomin da ya ɗauki mutum ba daidai ba gaban alƙali, kuma bai kamata a kai shi ba, gama bai ce shi masani ne ba. Amma wanda ya sa rigar aiki, ya hau motar da aka rubuta wa sunan asibiti, ana biyansa albashi don wannan aiki, hukuncinsa dabam ne. Da zarar ya taɓa majinyaci ya ɗaura wa kansa nauyi, kuma nauyin ba ya sauka sai ya miƙa shi hannu da hannu ga wanda ya kai shi sani ko ya fi shi, tare da bayanin abin da ya gani da abin da ya yi. Ajiye majinyaci a baranda a juya mota, ko sauke shi a hanya don ’yan'uwansa sun kasa cika kuɗin mai, yasarwa ce, kuma a ƙasashen da wannan sana'a ta kafu laifi ne da ake ƙwace wa mutum takardar aikinsa a kai.

Abin sha'awa shi ne malaman ƙasar nan sun san wannan hukunci tun kafin zuwan Turawa. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Zazzau, an ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon kuɓutar da rai daga halaka ya ƙi, har an kawo misalin wanda ya hana zaren da za a ɗinke raunin ciki da shi. Ta ɗaya gefen kuma, hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Wato an tsare ƙofa biyu: ta wanda ya iya ya ƙi, da ta wanda bai iya ba ya yi karambani. Dokar Ingila da Nijeriya ta gada ba ta tilasta wa mai wucewa ya ceci kowa ba, yana iya kallon mutum yana mutuwa ya wuce, ba abin da zai same shi. Faransa da ƙasashen da suka gaji dokarta, irin su Nijar, sun mai da ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari laifi. A wannan fuska direban Maraɗi ya fi na Makarfi kusa da Muhtasar.

Akwai kuma batun yarda, wanda ya fi sauran wuya a wannan yanki. Ƙa'ida ita ce baligi mai hankali shi ke da ikon jikinsa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Likita Okonkwo, inda ta ce majinyaciyar da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta tana da wannan dama, likitan da ya mutunta ra'ayinta kuwa bai yi laifi ba. A 2019, a shari'ar Esabunor, kotun ta nuna cewa idan yaro ne, ƙin iyaye ba ya hana a ceci ransa. Wanda ya suma kuma, ana ɗaukar cewa da yana iya magana da ya yarda a taimake shi. Yanzu a kawo wannan ƙa'ida wani ƙauye a ƙasar Kudan, inda mace ta haihu da tsakar dare, jini ya ɓalle mata, maigida ya tafi cin rani, uwar miji kuma ta ce ba mai fita da ita sai ya yi izini. Irin wannan jini yana iya kashe mace cikin sa'a 2. Doka ba ta san izinin miji a nan ba. Yardar matar ita ce abin nema, in kuwa ta fita hayyacinta, an riga an samu. Amma ma'aikacin da zai tsaya a zaure yana karanto sashen doka ba zai fita da kowa ba. Abin da zai yi aiki shi ne ya iya cewa, “Iya, ki yi haƙuri, ran ’yarki ne a hannunmu, Malam da kansa ba zai yafe mana ba idan ya dawo ya tarar mun zauna,” ya kuma san ƙofar mai unguwa da ta liman. Wannan ilmi ne na harshe da al'ada, ba a kuwa samunsa a littafin da aka rubuta don titunan Landan.

Sirrin majinyaci ma ya shiga wani hali tun da wayar hannu ta zo da kyamara. Dokar 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Duk da haka yau kafin a kai wanda ya yi haɗari asibiti hotonsa ya riga ya zaga WhatsApp, tufafinsa a yage, al'aurarsa a waje, mahaifiyarsa ta sami labari daga wayar maƙwabta. Idan ɗan kallo ne ya ɗauka, rashin tarbiyya ne. Idan mai rigar aiki ne, cin amana ne, ya kuma cancanci kora. Haka nan kuɗi da waya da ke aljihun wanda ya suma: a ƙirga su gaban shaidu, a rubuta, a miƙa.

Mai karatu na iya cewa duk wannan ɗora wa talakan ma'aikaci kaya ne, alhali ba a ba shi gammo ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ce. Ba a tuhumar mutum da ƙin ba da iskar numfashi idan tukunyar da ke motarsa wofi ce, ba a kuma tuhumarsa da jinkiri idan sai ’yan'uwan majinyaci sun yi karo-karo kafin a zuba mai. Mafi yawan waɗanda ke tuƙa motocin asibiti an ɗauke su ne a matsayin direbobi, ba a koya musu ko yadda ake juya wanda ya suma bisa gefensa don kada ya shaƙe ba. Alhaki na farko yana wuyan wanda ya sayi mota don a ɗauki hotonta ranar buki, ya manta da mai da kayan aiki da horon wanda zai shige ta. Kuɗin kuwa doka ta tanada: sashe na 11 na dokar 2014 ya ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun kiwon lafiya na matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma don jinyar gaggawa. A kan wannan ne aka ƙaddamar da tsarin motocin agaji na ƙasa a 2022, wanda ya yi alkawarin biyan kuɗin jinyar sa'a 48 na farko. Haƙƙin mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ne su tambayi wakilansu nawa ne daga wannan kuɗi ya taɓa isowa Hunkuyi.

Kada kuma a ɗauka wasu da tsarinsu aka haife su. A Amurka, wani rahoton masana na 1966 ya bayyana cewa kusan rabin aikin ɗaukar majinyata a ƙasar masu sana'ar binne gawa ne ke yinsa, don su ne ke da motar da mutum zai kwanta a ciki. Bayan wannan rahoto ne aka tsara manhaja, aka fara horar da ma'aikata da ba su takardar shaida. Ashe su ma motar gawa suka fara da ita.

Makarfi kuwa tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Babu wurin da ya fi ta dacewa da horar da ma'aikatan ɗaukar majinyata na wannan yanki, a kuma buɗe gajeren kwas da Hausa ga direbobin tasha da masu babura, tun da ko an so ko an ƙi su ne ke fara isa. An riga an gwada irin wannan a jihohin Arewa da dama, inda aka horar da direbobin ƙungiyar sufuri su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti. Sashen Hausa ma yana da rabonsa na aikin. Sashe na 20 na dokar 2014 bai fi ’yan layuka ba, haka ma tanadin dokar 2017 da ya kare wanda ya kawo majinyaci daga tsangwamar ’yan sanda, amma direban da ya fi kowa bukatar saninsu bai taɓa ganinsu da harshensa ba, shi ya sa har gobe yake taka mai ya wuce don tsoron kwana a caji ofis. Fassara su da Hausa, da boko da ajami, a manna a Tashar Yari da tashar Ikara da ta Hunkuyi tare da lambobin kira 112 da 122, aiki ne da ɗaliban aji uku za su iya gamawa kafin hutun zango.