Damisa Ƙi Sabo: Jan Kunne Ga Masu Sha'awar Rundunar Ɓoye

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata cuta da ta shigo mana ta ƙofar sinima da wasannin kwamfuta, kuma ga alama tana neman kama alƙaluman masu rubutun Hausa. Cutar ita ce bautar "rundunar ɓoye", wato wasu zaɓaɓɓun sojoji na ƙage waɗanda ba a san sunansu ba, ba su ƙarƙashin kowace doka, su kashe wanda suka ga dama, a tafa musu. Ku shiga gidajen kallo na Kinkinau ko Tudun Wada, za ku tarar da yara sun haddace sunan Kyaftin Price da rundunarsa Task Force 141 ta wasan Call of Duty. Iyayensu kuwa James Bond suka sha, wanda Ian Fleming ya ƙirƙiro a 1953, ya ba shi lasisin kisa.

Haba jama'a! A Kaduna za a sayar mana da wannan tatsuniya? Ai mun ga ta gaskiyar. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, babban malami a kwalejin horar da soja da ke garin nan, ya shirya atisayen dare mai suna Damisa. Da yawa daga cikin ƙananan sojojin da ya kwasa sun zaci horo ne kawai. Daren 15 ga Janairu 1966 suka faɗa gidan Firimiya, aka kashe Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da uwargidansa Hafsatu. A daren nan kuma aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. Abin da ya biyo baya shi ne juyin mulkin ramuwa na Yuli 1966, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Nzeogwu ma ya ɗauka ceton ƙasa yake yi, kamar dai jaruman fim. Bambancin kawai, a fim ba a nuna zawarawa da marayu.

Wani zai ce, to da wa za a yaƙi Boko Haram da 'yan bindigar da suka shiga makarantar NDA a Agustan 2021, suka kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022? Madalla da wannan tambaya. Lalle ƙasa na bukatar ƙwararrun sojoji, kuma dabarun yaƙi ba a shelarsu a kasuwa. Amma ɓoye dabara daban, ɓoye alhaki daban. Sojan kirki yana da kwamanda sananne, da kotun soja da za ta tuhume shi, da majalisa mai bin diddigin kuɗinsa. Wanda ya fi ƙarfin waɗannan, ɗan fashi ne a cikin kaki.

Saboda haka, masu niyyar rubuta irin waɗannan labarai da Hausa, ku rubuta, ba mu hana ba. Amma ku gaya mana wa ya aiki jarumin, wa zai hukunta shi in ya harbe marar laifi, yaya kuma uwar mamacin ta kwana. In ba za ku iya ba, ku tafi Gidan Arewa, inda gidan Sardauna yake a da, ku tsaya ku yi tunani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.