Mai haki ba tabarma yake buƙata ba

A Rabah, da zarar haki ya kama tsoho ko tsohuwa, maganin farko da muke bayarwa shi ne tabarma. "Inna, zauna ki huta, yara za su yi." Da ƙauna ake faɗa, amma a ganina wannan hutun yana cikin abin da ke ƙarasa su.

Wanda huhunsa ya lalace, hanyoyin iska sun ƙuntata, abin da ya shaƙa ba ya fita duka. Ya ɗan motsa sai haki, don haka ya daina motsi. Naman cinya da na ƙwauri ya saki, shi kuwa naman da ya saki ya fi saurin gajiya da neman iska. Wanda bara yake taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, bana zaure ma ya gagare shi. Wannan ciwo da likitoci ke kira COPD ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya.

A wajenmu ba taba ce kaɗai mai laifi ba. Goggona ko warin sigari ba ta so, amma tun tana amarya take durƙushe gaban murhu, tana hura kara da ɗanyen itace a ɗakin girkin da ba taga, rufinsa ya yi baƙi ƙirin. Maza kuma ga ƙurar bugun shinkafa a fadamun Rima daga Goronyo har Wurno, ga hazon hunturu, ga waɗanda tarin fuka ya warke ya bar musu tabo.

Abin da nake so a gwada shi ne tai chi, motsa jikin mutanen Sin. Mutum ya tsaya, ya ɗan rusuna da gwiwa, ya mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya a hankali, ya ɗaga hannuwa yana shaƙa ta hanci, ya sauke su yana fitar da iska a tsanake. Mai COPD sai ya tsuke baki wajen fitarwar, kamar mai hura koko mai zafi, don iskar da ta maƙale ta samu fita. Babu gudu, babu tsalle, babu abin saye. A 1956 hukumomin Sin suka taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya, marar lafiya kuwa kaɗan daga ciki sun ishe shi.

An gwada, ba labarin kanzon kurege ba ne. A 2018 mujallar likitoci ta Chest ta buga binciken da aka yi kan masu COPD 120 a Sin: kashi ɗaya suka yi tai chi, ɗaya kashin suka yi atisayen farfaɗo da huhu irin na asibiti, na tsawon mako 12. Sakamakon ya zo kusan ɗaya. Wata bitar bincike ta Cochrane ta 2016 ta ga masu tai chi sun ƙara kimanin mita 30 a tafiyar minti shida, ko da yake masu bitar sun ce hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba. Mita 30 abin raini ne ga mai lafiya. Ga tsohuwa, tazarar ɗakinta da makewayi ce, ba tare da an riƙe ta ba.

Na san za a ce rawar 'yan Sin ce, wani ma ya ce akwai addininsu a ciki. Asalinsa dabarar faɗa ce, kuma gaskiya ne an ɗora masa falsafarsu. Mu ba ita muke nema ba. Wanda ake koya wa marasa lafiya ba sujada a cikinsa, ba kiran sunan kowa. Mai shakka ya nuna wa malami ya gani.

Abin da ya fi ja min hankali shi ne dacewarsa da halin da muke ciki. Likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai ce, "Baba, ka riƙa tattaki." Zuwa ina? Tun kafin harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 rashin tsaro ya sa mutane suka rage nisa da gari, matan kulle kuma dama ba sa fita. Tai chi faɗin tabarma ɗaya yake ci, a tsakar gida ko a ɗaki.

Sai dai ba ya mayar da huhun da ya lalace, ba ya maye gurbin maganin shaƙa, kuma banza ne idan an gama a koma cikin hayaƙi. Duk mai tarin da ya wuce mako biyu ya fara kai majina a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai ciwon ƙirji ko jiri ya dakata har likita ya duba shi.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato bai da tsada: a horar da ma'aikatan lafiya biyu, mace da namiji, a asibitocin Rabah da Wurno da Goronyo, a naɗi darasin da Hausa a riƙa turawa ta waya, a yi awon tafiyar minti shida kafin a fara da bayan wata uku. Idan ba a ga canji ba, a daina.